Gayaunar Bakin Fadama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Tanko, a 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, zuwa ga ɗana Nomau, a Gusau.

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kun sauka lafiya kai da Hajo da yara, kun kuma sami ɗakin da ruwa ba ya zuba. Allah Ya tsare ku daga sharrin baƙon wuri, da sharrin ƙarfen jirgi da na mota, da sharrin mutumin da ke dariya da kai yana auna aljihunka. Allah Ya sa ƙafar da ka fita da ita ta alheri ce.

Da hannuna na rubuta takardar nan da ajami, na ba direban da ke ɗaukar kaya daga kasuwar Tsafe. Na san karatunka bai yi nisa ba, don tun kana ƙarami na ga hauya ta fi allo zama a hannunka, na kuwa ji daɗin haka. In ta gagare ka, ka nemi malamin da bakinsa ke rufuwa ya karanta maka, ku keɓe. Ba labarin gari zan ba ka ba. Wanda ya haihu ya haihu, wanda ya mutu ya mutu, za ka ji a bakin 'yan kasuwa.

Ranar da za ka tafi ka durƙusa a zaure, kanka a ƙasa, ka ce da ni: "Baba, ni na tahi. Rumbuna na liƙe shi. Gayaunata ta bakin hwadama kuwa, kada kowa shi sa mata hauya. Gara ta kwan saura da in ji ƙanena Jatau na cikinta." Ka tashi ka tafi ban amsa maka ba. To ga amsar nan. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma maganar gonar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Amma kafin in kai gare ta sai na bi da kai ta inda na ɓata, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka ɗauka lallashi na zo yi. Na tsufa da lallashi, kuma kai ma ba ka wanku tas ba, za ka ji naka a gaba.

Ka san yadda gandunmu yake tun zamanin kakanka. Daga hantsi zuwa azahar kowa na gonar gandu, ta gida duka, wadda daga cikinta ake ci, a biya haraji, a yi wa kowa rigar salla. Daga azahar zuwa faɗuwar rana, da ranar Juma'a, lokacin mutum ne na kansa. Ya tafi gayaunarsa, 'yar gonar da uba ya yanka masa, abin da ya samu a ciki nasa ne, ko uban ba shi da iko da zangarniya ɗaya. A gonar gandu, tsakanina da Allah, ban taɓa ganin ƙanenka Jatau ya bar kunyar nomansa a baya ba. Inda kuka rabu shi ne bayan azahar.

Kai da ka sallame salla sai ka saɓa hauya, ba a sake ganinka sai duhu ya hana ka bambance gero da ciyawa. Juma'a ma daga masallaci gona kake wucewa da rigar sallar a jikinka, har innarku, Allah Ya jiƙanta, ta gaji da yi maka faɗa. Shi kuwa Jatau sai ya je ya taɓa tasa gayaunar, kafin la'asar ta yi sanyi ya dawo. Ya watsa wa tantabarunsa tsaba, ya tsaya yana kallonsu kamar wanda aka biya ya kalla. Ya je gindin tsamiya ya buga dara da tsofaffi, ya dawo ya zauna ƙofar ɗakin innarku yana ba ta dariya, yaran gidan nan duka, har da naka, suna hawa bayansa. Na taɓa tsare shi na ce ba ya jin kunya, wansa na gona shi yana wasa da tsuntsaye? Ya ce, "Baba, abin da za ya kai mu kaka shi nika nema. In na same shi, sauran yini nawa na." Na yi tsaki na wuce.

Da kaka ta yi sai in zagaya bayan gida in tsaya tsakanin rumbunanku. Naka ya cika har ana danna dami da ƙafa, nasa da ƙyar ya wuce rabi. Kuskurena na farko a nan ya tsiro. Idona ya ce da ni ga mai arziki ga abin tausayi, ni kuwa na yarda da idona. Na fara karkata hannu. In za a fitar da awo daga rumbun gandu, na sashen Jatau ya fi nauyi. Shekarar da ta biyo na ce kai ka biya harajinka da kanka, ai kana da shi. Ta gaba na ce rigar salla ma ka ji da kanka da iyalinka. Duk wannan haƙƙinka ne a kan gandu, da guminka na safe ka saye shi daidai da kowa. Na zare maka shi don kawai ka ƙi zama da yamma. Ina yi ina jin kaina adali, har ina faɗa a majalisa cewa ni a gidana ba mai fin wani.

Ban taɓa zama na lissafa abin da Jatau ke ci wanda ba ya shiga rumbu ba. Inuwar tsamiya da yake sha, da barcin rana, da hirar uwarsa, da bayansa da ba ya ciwo, duk rabo ne, kuma kowace yamma yana kwasar nasa yana cinyewa nan take. Kai kuwa naka rabon ka ƙi ci, ka mai da shi dami ka adana. Da na zo awo sai na auna abin da ke tsaye a rumbu kaɗai, na ce naka ya yi yawa.

To ka ji, Nomau. Gusau gari ne da za ka ga mutane iri-iri. Za ka ga mai rufin kwano da keke wanda rabonsa da cin tuwo a zaune tun yana saurayi. Za ka ga mai tebur da ke rufe kayansa da la'asar ya tafi hira, ciniki na kiransa yana ƙi. An ce mini mutanen kudu da ke aiki a can, ranar Lahadi ko kuɗi na ƙwanƙwasa musu ƙofa ba sa buɗewa, sai su yi ado su tafi cocinsu. Kada ka yi saurin cewa wannan ya ji daɗi, wancan ya wahala. Ka fara sanin abin da kowa ya bayar kafin ya sami abin da ke hannunsa. In kuma wata rana aka sa ka kan leburori, ko ka zama mai raba wani abu, kada ka mai da ƙwazon mutum laifin da za a ci shi tara. Na yi haka, ga shi ina rubuta wa ɗana takarda maimakon in ƙwala masa kira ta kan danga.

Kuskure na biyu shi ne wanda ka fi sani, amma ba ka san yadda yake a cikina ba. Da na ɗora maka haraji da sutura, ka rantse ba za ka sayar da hatsinka ba. Shi ya sa ka fara tafiya cin rani Gusau, kana dakon buhunan gyaɗa da dilolin auduga a tashar jirgi, kana dawowa da kafaɗa a saɓule. A irin wannan tafiya ce ciwon innarku ya tashi. Bai ɗauki kwanaki da yawa ba. Jatau ne ke ɗaga ta, shi ke ba ta ruwa, a hannunsa ta cika. Kafin ɗan aike ya same ka a cikin leburorin Gusau, mun riga mun dawo daga maƙabarta.

Masu ta'aziyya suka cika gida, daga Mada, daga Tsafe, daga dangin innarku na Kwatarkwashi, aka yi ta ɗora tukunya har rumbun gandu ya yi ƙasa. Na duba na Jatau, na ga ba zai kai su damina ba. Na duba naka, ga shi cike, mai shi ba ya nan. Ban yi shawara da kowa ba. Na sa tsani na hau, na ɗaga murfin, na yi ta miƙo dami ana kaiwa sashen Jatau. Shi kansa ya fito yana cewa, "Baba, a bari shi dawo mana." Na ce ya rufe mini baki, ni na haife ku duka.

Ka iso da ƙurar hanya a ƙafarka, aka raka ka kabari, ka yi addu'a, ba ka yi kuka a gaban mutane ba. Da ka shigo gida ka zagaya baya, ka ga tsani a jingine. Har yau ina jin muryarka, don ba ka ɗaga ta ba, kuma da ka ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ka ce, "Baba, wa yab buɗe?"

Na ce, "Ni na."

Ka ce, "Jatau yar roƙa?"

Na ce, "Bai roƙa ba. Ɗan'uwanka na, kuma kai Allah Ya hore ma."

Ka ce, "Saboda dammunan ga ban ga Inna ba. Shi yag gane ta, shi yar riƙe hannunta. Yanzu kuma an ba shi dammunan. To ni, Baba, mi nis samu?"

Sai na yi abin da uba kan yi in gaskiya ta kama shi, na hau faɗa. Na ce kai marowaci ne, zuciyarka ta bushe kamar fako. Ƙarya na yi maka. Tambayarka daidai take, kuma shekarun nan duka tana zaune a ƙirjina kamar ƙaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka na mayar da ku, alhali shi gardin bai ma miƙa hannu ba.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. Kada ka yi kyauta da abin wani, ko da kai ka haife shi. In tausayi ya kama ka, ka sa hannu a naka aljihun. Kuma kafin ka tausaya wa mutum ka tambaye shi ko yana cikin abin tausayi. Jatau bai taɓa ganin kansa matalauci ba sai da na nuna masa da hatsinka. Tun daga ranar ya daina haɗa ido da kai, kai kuma ka daina cin abinci a akushi ɗaya da shi. Ni na raba ku, da hannun da nake cewa na adalci ne.

Ranar sadakar arba'in ɗin innarku, wanta, kawunku Bagudu, ya zo daga Kwatarkwashi. Ka san shi, mutum ne da ba ya tauna magana. Ya ga yadda gidan ya yi tsit, ya ja ni gefe na ba shi labari, ina jiran ya ce na kyauta. Sai ya ce, "Tanko, kai da mudu guda kaka awon mutane. Kira su ka tambaye su. Nomau, ka yarda ka ɗauki rumbun Jatau da inuwatai? Jatau, ka yarda ka ɗauki rumbun Nomau da ranatai? In kowa yaƙ ƙi musanya, ba wanda anka cuta, sai ka tsame hannunka. In ko wani yay yi wuf yac ce shina so, to nan cuta take, nan za ka gyara." Na ce masa wannan maganar 'yan dara ce, gida ba a riƙe shi da tambaya. Ya kaɗa rigarsa ya hau jakinsa. Da na ji maganarsa a ranar, da yanzu kana nan kana wasa hauya.

Maimakon haka sai na faɗa kuskure na uku, garin neman gira na rasa ido. Kunyarka ta kama ni, amma girman kai ya hana ni in ce maka ka yi haƙuri. Sai na juye haushin a kan Jatau. Na ce daga yau ba dara, ba zaman tsamiya, in wansa na gona shi ma yana gona. Na sa aka kama tantabarunsa aka kai kasuwar Mada, yana tsaye yana kallo. Na ɗauka in na mai da shi kai, rumbunan za su yi daidai, kowa ya huta. Ya bi umarnina, don bai taɓa musu da ni ba. Yana fita yana dawowa da duhu kamar kai. Amma dariya ta ƙaura daga gidan nan, yara suka daina gudu su tarye shi, kuma abin da zai ba ka mamaki, rumbun nasa bai ƙaru da wani abin kirki ba. Na ƙwace masa abin da yake so, ban ba shi abin da kake da shi ba.

Sai daminar bara kurkunu ya fito masa a ƙafa, daidai lokacin noman farko. Ka gani da idonka, ƙafar ta kumbura kamar turmi, yana kwance ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Ni da na riga na sa masa suna malalaci, sai na ce ai ya samu abin da yake so, ga kwanciya ta zo masa har gida. Ban kira masa gayya ba, ban ce a taimaka masa da ko kunya ɗaya ba. Kai ma kana wucewa ta gefen gayaunarsa safe da yamma, kana ganin ciyawa na cin geron, ba ka tsaya ba. Ban ga laifinka sosai ba, ni na koya maka. Amma ka sani ka wuce.

Dubi wautata. Lokacin da yake hutawa don ransa na so, na kwashi naka na ba shi, alhali ba ya bukata. Lokacin da cuta ta kayar da shi ba da sonsa ba, na naɗe hannu na ce shi ya jawo. Inda ya kamata in bari na taɓa, inda ya kamata in taɓa na bari.

Kana da 'ya'ya maza biyu, kuma na lura da su fiye da yadda kake zato. Babban kai ne sak, ko wasa yake sai ya mai da shi aiki. Ƙaramin kuwa na sha ganinsa a tsugune yana kallon tururuwa har a kira shi bai ji ba, na kuma ga yadda kake hararsa. Kada ka lanƙwasa shi ya zama kai, karyewa zai yi. Ka sa shi ya sauke abin da ke wuyansa na gida, wannan dole ne, ba a ɗaga wa kowa. Abin da ya rage na yininsa ka bar masa, ka kuma gaya masa tun yanzu cewa wanda ya zaɓi inuwa ba ya zuwa ya tsaya a bakin rumbun wanda ya zaɓi rana. Amma ka koyi bambance "ba na so" da "ba na iyawa". Ta farko mai ita ke ɗaukar nauyinta. Ta biyu ta gida ce duka, har da wanda rumbunsa ya cika. Kai kanka ba zan ce maka ka huta ba, don na san a wurinka zama shi ne wahala. Sai dai ka tabbata son aikin ne ke tashinka da asuba, ba haushina ba. Masu kaya a tasha ba su san bambancin ba, za su karɓi ƙarfinka ko wanne ne ya kawo shi, ranar da ya ƙare su kira na bayanka.

Yanzu ga wanda ba ka sani ba, kuma shi ne mai ɗaci a gare ka. Da bazarar nan ta kama, hatsin Jatau ya yi ƙasa, ka fito ka same ni tsaye a bayan gida ina kallon rumbunka. Ka ga idona, ka kuwa gane. Washegari ka kwaɓa laka ka liƙe shi, ka ce wa Hajo ta ɗaure kaya. Ban zarge ka ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan tafiyarka na rasa abin da ke mini daɗi, sai maganar kawunku Bagudu ta dawo mini. Na je na sami Jatau yana zaune yana gyaran ƙotar sungumi, ƙafar har yanzu yana ɗingisa ta.

Na ce, "Jatau, da za a ba ka rumbun Nomau cike, amma ka ɗauki irin yininai, ba tsamiya, ba Juma'a, ga dakon Gusau da rani, ka yarda?"

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Ko an haɗa min da keke ba ni so, Baba. Shi ka iyawa. Kuma kada a taɓa mai rumbu saboda ni. Na farko ma har yau ban gama haɗiye shi ba."

Na san kai ma da zan tambaye ka ko za ka ɗauki zaman tsamiya da rabin rumbu, kallon mahaukaci za ka yi mini. Ashe a nan ba wanda ya cuci wani, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Har na yunƙura zan tashi, sai wata tambaya ta faɗo mini, wadda Bagudu bai yi ba.

Na ce, "To da za a bar ma yininka yadda kaka so, a musanya maku gona kaɗai, kai ka koma bakin hwadama shi shi koma tudu?"

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ajiye sungumin, ya ce, "Wanga kam da gudu zan karɓa. Gonata tsakuwa ta, Baba. In ni yi yini guda cikinta, abin da nika samu Nomau na samunai kahin la'asar." Daga nan ya ce, "Na ɗauka ka sani."

Na sani mana. Ni na yanka muku gayaunun da kuka isa. Na dube ku a lokacin, na ce wannan mai ƙwazo ne, a ba shi bakin fadama inda ƙasa ke riƙe laima. Wancan mai son wasa ne, in an ba shi mai kyau ɓata ta zai yi, a ba shi tudun marmara. Tun ba ku fara ba na riga na yanke hukunci, daga baya na zo ina tsayawa tsakanin rumbuna ina mamakin abin da na shuka da kaina. Wannan shi ne uban kurakuran duka, kuma shi ne na ƙarshe da na gano.

Saboda haka ka saurara da kyau, ko ranka zai ɓaci. Yawancin abin da ke cikin rumbunka guminka ne, ba mai musu, na kuwa ci amanarsa sau ɗaya. Amma ba duka ba ne gumi. Akwai rabon ƙasa a ciki, kuma ƙasar nan ba kai ka yi ta ba, ba kuma don ka fi shi a wurin Allah aka ba ka ba. Ni na ba ka, bisa zato. In kana ƙirga abin da aka ɗebe maka, ka ƙirga har da abin da aka ba ka tun farko wanda aka hana ƙanenka. Duk inda ka ga mutum biyu ɗaya ya fi ɗaya, kafin ka yaba wa na gaba ko ka zagi na baya, ka je ka dubi inda aka tsayar da kowannensu ranar da aka ce su fara.

Ga abin da nake nema. Rumbunka yana nan yadda ka bar shi, shatin yatsunka na kan lakar. Ba zan taɓa ba, ba wanda zai taɓa, ko da za mu koma cin tafasa da rama. Wannan naka ne. Gonar bakin fadama nake roƙo, a ba Jatau aro ya shuka bana, tunda kai ba ka nan. Ba kyauta ba, aro. Ranar da ka dawo ka karɓi abarka.

Na san me za ka ce, cewa ƙasar tawa ce, in ina so in karɓa mana. Haka ne. Ko gaban hakimi aka je, gayauna ta mai gandu ce, yau in na ce Jatau ya shiga ba mai hana shi. Maƙwabta ma sun fara zuga ni, wai ina lalacewa, uba na neman izinin ɗa. Su faɗi abin da suke so. Wannan ikon na yi amfani da shi na hau tsani, shi ya kai ka Gusau. Ba zan sake ɗaukarsa a kanka ba. Jatau kuma ya ce ko na umarce shi ba zai sa sungumi a gonar ba sai ya ji daga bakinka, kuma karo na farko ke nan da ya yi mini musu.

Direban da ya kawo maka takardar nan yana dawowa Tsafe ranar kasuwa mai zuwa. Ba sai ka rubuta komai ba. Ka ce masa "a shuka" ko "a bari", zai gaya wa mai shayin bakin tasha, ni kuwa zan je da kaina in ji. In ka ce a bari, an bari. Ba zan yi maka baki ba, albarkar da na sa maka a farkon takardar nan ba zan janye ta ba. Gonar za ta kwana saura, ciyawa ta ci laimar, duk mai wucewa ya gani ya san gidan Tanko ya rabu.

Abu ɗaya dai na riga na yanke, ba ya jiran amsarka. Gandu ya mutu, tunda ba gandu da mutum ɗaya mai gurguwar ƙafa da tsoho. Abin da ya saura a rumbun gida na sa an kwashe an kai sashen Jatau, na kuma ce wa matarsa daga yau ta riƙa zuba mini a tukunyarsu. Gonar gandu ta fi ƙarfinmu, na ba da ita aro sai abin da aka ba mu da kaka. In ruwan shuka ya sauka ba mu ji daga gare ka ba, ni zan riƙe sungumi, shi ya bi ni da iri yana ɗingishi, mu shuka tudun marmara. Abin da ta bayar shi zan ci, daidai da abin da 'ya'yansa za su ci, ko ya kai mu kaka ko bai kai ba. Ni na zaɓa masa ita, ban kuwa taɓa ɗanɗana tuwonta ba sai bana.

Ka gaishe da Hajo, ka shafa mini kan yaran, ƙaramin sau biyu. Allah Ya kiyaye bayanka a ƙarƙashin buhu, Ya kiyaye ƙafarka a kan layin dogo, Ya ba ka maƙwabta na gari. Allah Ya sa 'ya'yanka su same ka da adalcin da ku ba ku same ni da shi ba. Allah Ya jiƙan innarku, Ya sa ba ta ganin abin da gidanta ya zama.

Wassalam.

Mahaifinka,
Tanko